Sabon zuwa, kada ka danna duk sabuntawar da ka gani

Mu da muka taso a ƙauyukan Ringim, Gumel ko Bichi, da kwamfuta ta nemi a sabunta ta sai mu rufe saƙon. Data da tsada, sabis sai an fita bakin titi, caji kuma a shagon mai janareta. To ɗan'uwa, idan karatu ya kai ka Masar, Malesiya ko Ingila, za ka tarar da intanet a ɗakinka dare da rana, hannunka ya riƙa ƙaiƙayin danna duk sabon abu.

Sabuntawa iri biyu ce. Akwai facin tsaro, wanda Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wannan kada ka bari ya kwana. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, alhali facinta ya fito tun Maris. Yanzu fa a kwamfutar nan kake shiga banki, a nan takardun bizarka suke.

Ta biyu ita ce sauya babbar manhajar ɗungurungum, kuma a nan ake son haƙuri. Ubuntu, wata babbar manhaja ta dangin Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, na fitar da sabo duk wata shida, amma wata tara kacal ake kula da shi. Mai alamar LTS kuwa, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi, kamar Ubuntu 24.04, sai bayan shekara biyu yake fitowa, a watan Afrilu, ana kuma aiko masa da faci har shekara biyar. Arch, wani ɗan dangin Linux ɗin, shi kullum cikin sauyi yake. Mai karatun kwamfuta da ke son ƙwaƙule-ƙwaƙule ya je can, Allah ya ba da sa'a. Amma mai rubuta kundin digiri, ni dai LTS nake ba shi shawara. Ko zai sauya, ya bari sai an gama jarrabawa, ya kwafe aikinsa a filas tukuna, don wata manhajar da sashenku ke aiki da ita tana iya ƙin tashi a kan sabon.

Ka duba tokunbon da ka taho da ita daga gida. Tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina kula da Windows 10 yadda aka saba, Windows 11 kuma sai kwamfuta mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar, take karɓa. Idan taka ba ta da shi, kada ka yi gaggawar sayen sabuwa da kuɗin guzurinka, Ubuntu zai hau kanta.

Idan za ka zo hutun Sallah, ka gama duk sabuntawa tun kana can, sannan ka nuna wa Windows cewa datar wayarka a ƙidaye take kafin ka jona.