Yadda Ake Cin Kasuwar Lahadi a Mirriya

Mazaunin Damagaram ba ya rasa wurin cefane, domin Kasuwar Dole tana nan kullum, ranar Alhamis kuwa takan cika ta batse har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Sai dai galibin kayan da ake kasawa a cikin birni sun riga sun bi ta hannu biyu ko uku kafin su iso, kuma kowane hannu ya ɗora ribarsa. Wanda yake son ya sayi tumatir daga hannun wanda ya ba shi ruwa, ko ya auni gero a wurin wanda ya nome shi, sai ya jira Lahadi ya nufi Mirriya, garin lambuna da kukoki da maginan tukwane, mai nisan kimanin kilomita 18 a kan babbar hanyar da ta wuce zuwa Gidimuni da Gure da Diffa. Tafiyar ba ta da nisa, amma idan aka yi ta babu tsari, kuɗin mota da ɓarnar kaya za su cinye ɗan rangwamen da aka je nema.

Shiri yana farawa tun daren Asabar. Mutum ya zauna da uwargida, ko da duk wanda ke riƙe da tukunyar gidan, a duba abin da ya ƙare da abin da ya kusa ƙarewa, a rubuta a takarda. A raba rubutun gida biyu: kayan da ke jure ajiya, irin su gero, wake, gujiya, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da tattasai, sai kuma ɗanyun kaya da ba sa wuce kwana biyu ko uku, irin su salati, tumatir, zogale da nono. Wannan rabon shi ne zai nuna abin da za a fara saye da abin da za a bari sai an zo tafiya. Yana da kyau kuma a san farashin da kayan suka kwana a kai a Kasuwar Dole, domin wanda bai san farashin birni ba, ba shi da ma'aunin da zai gane ko ya yi sa'a a ƙauye.

A cikin daren nan ne kuma za a tanadi buhuna biyu ko uku, da kwando ko bokiti mai murfi saboda tumatir, da jarka ko kwalba idan ana son man gujiya, da ruwan sha. Sai batun kuɗi, wanda ya cancanci a tsaya a kansa.

Kada a shiga kasuwar ƙauye da takardar jikka goma, wato sefa 10000, ita kaɗai. Matar da ta kasa yalo a kan tabarma ba ta da canjinta, kuma yayin da yaronta ya tafi neman canji, rabin safiya ta wuce. A nemi takardun 500 da 1000 da tsabar 50 da 100 tun a gari, a raba su aljihu biyu, domin kada a riƙa zaro dukkan kuɗin a gaban jama'a. Baƙon da ya zo daga Kano ko Daura kuma sai a koya masa lissafin dala kafin ya buɗe baki, domin a nan ba da tamma ɗaya-ɗaya ake ƙirga sefa ba. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala ashirin ita ce 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, dala ɗari biyu kuwa ita ce jikka guda, wato 1000. Sau da yawa mai kaya ba ya ma ambaton kalmar dala. Zai ce maka kashi ashirin ne, yana nufin 100, idan ka miƙa masa tsabar 25 kana jiran canji sai ya dube ka ya yi murmushi.

Da safe a yi sammako daidai gwargwado. Motocin haya suna tashi daga tasha idan sun cika, masu babur kuma suna kai mutum, sai dai babur bai dace da wanda zai dawo da buhu da tulu ba. Kasuwar ƙauye ba ta cika da sanyin safiya, domin masu kaya suna tahowa ne daga nesa a kan jakuna da amalanke, wasu kuma a ƙasa, shi ya sa sai hantsi ya ɗaga take fara yin kauri. Wanda ya isa da farkon hantsi shi ke samun ganye da raɓarsa, kuma yana rigan 'yan sari, waɗanda kan tare manoma tun a bakin kasuwa su kwashe kayan kirki a kwanduna su kawo birni. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, sammakon ya zama tilas saboda rana. Lokacin da kasuwar ta fi daɗin ci kuwa shi ne na sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da kayan noman rani suka nuna: kabeji, karas, salati, albasa, dankali, ga kuma rake. Hatsi ya fi araha da kaka, ƙwan zabi kuma da damina ake samunsa da yawa.

Da an sauka, kada a sayi komai tukuna. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. A zaga kasuwar sau ɗaya hannu wofi, a ga inda 'yan hatsi suke, da layin masu kayan miya, da rumfunan mahauta, da wurin masu tukwane, da inda Fulani mata suka jera ƙoren nono. A tambayi farashi a wuri biyu ko uku, a yi godiya a wuce. A wannan zagayen ne ido zai rarrabe manomi da ɗan sari. Manomi yakan zo da abu iri ɗaya ko biyu, girmansu ba ɗaya ba, wani lokaci da ƙasar lambu a jikinsu, kuma idan ka tambaye shi daga ina, zai faɗi sunan ƙauyensu ba tare da tunani ba. Ɗan sari yana da kaya iri-iri a jere tsaf, bakinsa kuma ya fi zaƙi. Ba laifi ba ne a saya a wurinsa, amma ba shi aka baro birni domin a gani ba.

Sai a fara da busassun kaya. Ma'aunin hatsi a nan ita ce tiya, wadda ke ɗaukar kimanin kilo biyu da rabi na gero, ta yadda tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Kafin a yi maganar kuɗi, a tura hannu cikin buhun har gwiwar hannu a ɗebo daga ƙasa, domin abin da ke sama kowa ya iya gyara shi. A baza a tafin hannu a duba yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi, a ciji ƙwaya ɗaya a ji ko ta bushe. Wake kuma a duba hujin ƙwaro, a shinshina, idan yana warin magani a bar shi. Bayan haka a dubi ita kanta tiyar. Na taɓa auna gero tiya goma a wurin wani mai awo, da na zo gida aka sake aunawa da ta maƙwabta sai aka samu tara da 'yan kai, ashe gindin tasa a lotse yake ta ciki. Tun daga ranar nake ɗaukar kwanon in juya shi kafin a fara awo, kuma ban taɓa ganin mai gaskiya ya ji haushin hakan ba. A lura kuma ko awon da tozo ake yi ko a shafe, a daidaita a kan haka tun farko, sannan a riƙa ƙirgawa da baki tare da mai awo.

Ciniki yana da ladabinsa, kuma gaisuwa ce ƙofarsa. Idan dattijuwa ce, a rusuna a ce, "Inna, sannu da kasuwa, nawa kike kasa tumatir?" Idan ta ce hamsin, kai kuma ka taya talatin, za ta ce albarka, wato ba ta sallama ba. Daga nan sai a ƙara kaɗan, ko a ce a haɗa kashi uku a yi ragi, wanda shi ne ya fi saurin karɓuwa, domin mai kaya ya fi son ya sauke nauyi ya koma gida da wuri. Idan ta ce ta sallama, ciniki ya faɗa, kuma abin kunya ne mutum ya janye bayan an sallama masa a kan tayinsa. Saboda haka kada a taya abin da ba a yi niyyar saye ba. Bayan an biya ana iya cewa, "Inna, ba gyara?" sai ta ɗora tumatir biyu ko ɗan barkono a kai. A ganina, matsa wa matar da ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa da kwando a kai saboda dala biyar ba wayo ba ne; ƙarfin ciniki a ajiye shi sai an je wurin buhu ko dabba, inda bambancin ke kaiwa jikkuna.

Wanda yake son akuya ko rago ya sani cewa a kasuwar dabbobi da dillali ake magana, kuma yana da la'adarsa, don haka a tambayi yadda za a biya ta kafin a ƙulla ciniki. Kaza da zabo kuwa a ɗaga su a ji nauyi, a taɓa ƙirji, a duba ido da hanci. Ƙwan zabi ana gwada shi a ruwa: wanda ya nutse lafiyayye ne, wanda ya taso a mayar wa mai shi.

Kada a bar Mirriya ba a leƙa wurin masu tukwane ba, ko da ba su cikin takardar cefane, domin da wannan sana'a aka san garin. Randa ko tulu ana gwada shi ne da kunne. A ɗaga shi da hannu ɗaya, a ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa. Idan ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, ya gasu kuma ba shi da tsaga, idan kuwa ƙarar ta mutu nan take, akwai tsagar da ido bai gani ba. A leƙa cikinsa ta fuskar rana, a shafa gindin. A garin da aka san darajar ruwa kamar Damagaram, randar da ke sanyaya ruwa ba tare da yoyo ba ta fi kuɗinta. Idan an saya, a bar ta ajiya a wurin mai ita sai an zo tafiya, haka ma buhunan hatsi, domin masu kaya sun saba da riƙon amana irin wannan, kuma hakan ya fi a yi ta yawo da ɗan dako a baya.

Zuwa wannan lokaci rana ta take, ciki kuma ya fara magana. A nemi abin da aka sauke daga wuta a gaban ido: ƙosai ko waina da zafinsu, ko tsire da balangu a wurin mai naman da mutane suka yi wa layi, domin layin shaida ce cewa namansa ba ya kwana. Fura da nono ita ce abincin kasuwa ta asali, sai dai a lura da ruwan da ake damawa da shi, idan zuciya ba ta kwanta ba a sayi furar da nonon a dama a gida. Tsarabar yara kuma ba ta da wuya: ƙuli-ƙuli, goriba, magarya, dabino, sandar rake, ko soyayyar fara idan lokacinta ne. A yi sallar azahar, a ɗan huta a inuwa.

Ɗanyun kaya su ne na ƙarshe, sai dai ga wanda ya ga ganye mai kyau da safe, ya biya ya bar shi a inuwar mai shi a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Tumatir a haɗa nunannu na yau da gobe da masu ɗan tauri waɗanda za su kai tsakiyar mako. Albasa a matsa wuyanta, idan ya yi laushi ta fara ruɓa daga ciki. Kabeji a zaɓi mai nauyi a hannu, karas kuma wanda ba ya lanƙwasuwa. Man gujiya a shinshina kafin a zuba a jarka, nono kuma shi ne abin da za a karɓa daf da shiga mota. Gaskiya ne cewa da la'asar farashi yakan faɗi, domin babu mai son ya koma ƙauye da salatin da ya yi yaushi, amma abin da ya rage a lokacin shi ne wanda kowa ya tsallake, kuma motoci suna cika da 'yan kasuwa da kayansu. Wanda yake son tumatir na shanyawa ko na miyar daren nan zai iya jira; wanda ya zo cefanen mako ya kama hanya kafin kasuwa ta fara watsewa.

Wurin lodi ma akwai kula. A daidaita kuɗin kaya da yaron mota kafin a ɗora, a tsaya a ga inda aka sa kowane abu. Buhuna a ƙasa, randa a naɗe ta da buhu ko ciyawa a ɗaure ta yadda ba za ta yi karo da ƙarfe ba, kwandon tumatir da ƙwai kuwa a riƙe su a cinya komai matsi. Sau ɗaya na yarda aka ɗora mini kwando a saman mota, wani ya zo daga baya aka aza buhun rogonsa a kai, kafin mu shigo gari ruwan tumatir yana bin gilashi.

Da an isa gida, kada a bar kayan a ƙulle har gobe. A zazzage tumatir a faifai ko tire a ware waɗanda suka fashe a yi miya da su a daren, albasa a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, salati da kabeji a wanke su sosai da ruwa mai tsabta kafin a ci, wake kuma a shanya shi a rana kwana ɗaya sannan a zuba a jarka mai murfi a toshe. Sabuwar randa a cika ta da ruwa ta kwana, a zubar da safe, a sake cikawa sau ɗaya ko biyu har warin ƙasa ya fita. Takardar cefanen nan kuma kada a yar da ita: a rubuta a gefen kowane abu nawa aka saye shi da kuɗin motar da aka biya, a ajiye ta a inda za a same ta daren Asabar mai zuwa.