Yadda Ake Shirya wa Aikin Leza don Rage Hawan Jinin Ido

Duk da sunan da muke kiran cutar da shi, ba jini ne ke hawa ba. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa kullum, wanda idan magudanarsa ta toshe yakan taru ya matse jijiyar gani har ta lalace. Matsin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, kuma aikin hasken leza, wato wani siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke haskawa cikin ido, shi ne sauko da wanda ya haura. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, saboda haka wanda likita ya ba shawarar aikin kada ya yi ta jan ƙafa.

Da farko ka tambayi likita irin aikin da za a yi maka. Idan bakin magudanar a buɗe yake amma ruwa ba ya wucewa sosai, ana yin wanda ake kira SLT, wato a haska magudanar domin ta ƙara sakin ruwa. A ganina ya cancanci a yi maganarsa tun ranar da aka gano cutar, domin wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2019, ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara musu da shi ba su buƙaci maganin ɗigawa ba bayan shekara 3. Idan kuwa bakin magudanar ya ƙuntata, ana huda 'yar ƙaramar kafa ce a zoben ido mai launi. Idon da ya gagari magani akan rage masa ƙarfin sashen da ke samar da ruwan.

Ranar aikin ka ɗiga maganinka kamar kullum, sai dai in likita ya hana, kuma ka zo da ɗan rakiya. Za a ɗiga maka maganin kashe zafi, ka ɗora haɓarka a kan na'ura, a manna wani ɗan gilashi a idon, sannan ka riƙa ganin walƙiya kana jin ƙas-ƙas na kimanin minti 10. Kada ka yi gaggawar tafiya, domin matsin kan yi tashin wucin gadi, shi ya sa ake sake aunawa bayan kamar awa ɗaya.

Dishi-dishi da jan ido na kwana ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne, amma ciwo mai tsanani, amai ko raguwar gani suna buƙatar komawa asibiti nan take. Amfanin SLT yakan bayyana bayan mako 4 zuwa 6, yana kuma raguwa da shekaru, lokacin da za a iya maimaita shi. Kada ka ajiye maganin ɗigawa sai likita ya auna idon ya ce ka ajiye.