Yadda Za Ki Koya wa Manyan Mata Saƙar Ulu Ba Tare da Sun Gudu Ba

Yarinya 'yar shekara 10 za ta ɓata saƙa, ta yi dariya, ta warware ta sake. Uwar gida mai jikoki kuwa, in ta kasa a gaban mutane, sai ta ce hidima ta yi mata yawa, daga nan ba ki ƙara ganin ƙeyarta. Waɗannan don nishaɗi suka zo, babu abin da ya ɗaure su, saboda haka ki tsara ajin yadda kowacce za ta koma gida ranar farko da saƙa a hannunta.

Kada su wuce shida. Ki sa darasin da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, ko bayan La'asar, a inda haske yake sosai. Awa ɗaya da rabi ta isa. In kin fara a watan Oktoba, kafin sanyin Disamba ya kankama sun iya hular jariri.

Kayan aiki ki sayo da kanki, su biya ki. In kin bar musu zaɓi, wata baƙin zare siriri za ta kawo don ya yi mata kyau, alhali a baƙi mai koyo ba ta ganin inda za ta soka tsinke. Ki nemi zare mai ɗan kauri, fari ko ruwan ƙwai, da tsinken saƙa mai kaurin milimita 5. Masu gilashin karatu ki tuna musu su zo da shi.

Ga inda na saɓa da malamai da yawa: ba na fara koyar da ɗora zare a kan tsinke. Ya fi saƙar kanta wuya, kuma shi ke cinye ranar farko. Tun da dare nake ɗora wa kowacce madauki 20, wato zagayen zare da ke rataye a kan tsinke, in saƙa mata layi uku, washegari sai ta ci gaba daga nan. Motsi huɗu ne, ki sa su riƙa faɗa da baki: soka, naɗa, jawo, sauke. Ki zauna a gefen mai koyo, kafaɗa da kafaɗa. In kika fuskance ta, damanki hagunta ne, sai ta rikice. Bahaguwa ma ta fara gwadawa kamar kowa, tunda hannu biyu ke aikin.

Abin da za ki fi fama da shi matse zare ne. Na taɓa samun wata baiwar Allah da ke jan zare har tsinken yana ƙara, kafaɗunta sun hau kunne, ta cije leɓe. Na ce, "Hajiya, a sassauta hannu, ba bakin buhu muke ɗaurewa ba." Ta fashe da dariya, hannun ya saki.

Kowane layi a ƙirga. Za ki ga 20 sun koma 25, saƙar tana faɗi kamar siket. Yawanci zaren ne ya haye tsinke a farkon layi, madauki ɗaya ya yi kama da biyu, ko kuma tsinke ya tsaga zaren. A nan ki saki madauki ɗaya a taki saƙar da gangan, su ga ya zare ƙasa, sannan ki ɗauko shi da kwarashi a gabansu. Kuma don Allah kada ki riƙa karɓe aikin kina gyarawa. Ki nuna da yatsa, ita ta gyara.

Mako na biyu ki koyar da ɗora zaren, sannan saƙar baya, wato kishiyar saƙar gaba da suka koya ranar farko. Ki gaya musu tun wuri cewa layin gaba da layin baya a jere yana sa gefen saƙa ya nannaɗe. Halinta ne, ba laifinsu ba. Mako na uku, rufe bakin saƙa, wato sauke ta daga tsinke yadda ba za ta warware ba. Kada ki yarda su yi tsumman sauke tukunya da ulun kasuwa, galibinsa na roba ne, zafi na narkar da shi.

Mako na huɗu sai hula: a saƙa ta a shimfiɗe, a ɗinke gefen, a tsuke sama da allura. Tsakanin darussa ki tura musu bidiyon hannunki na minti ɗaya ta WhatsApp, ki ɗauka daga bayan kafaɗarki don su ga tsinken yadda za su gan shi a nasu hannun.