Shirin gida kafin hadarin ƙarshen damina a Yamai

Ruwan Satumba mayaudari ne. Ƙasa ta ƙoshi tun Agusta, ruwan awa guda ma sai ya cika lungu ya gangara kwarin Gunti Yena da gudu.

Da farko, tun da rana tsaka, hau soro ka share indararo. Leda ɗaya ta toshe shi, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe, ginin laka kuwa daga nan yake fara zubewa. Inda ka ga tsaga, yaɓe ta.

Sannan ka yashe magudanar ƙofar gida, ka jera buhunan rairayi a bakin zaure.

Takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa, ƙulle su a leda ka rataye sama. Buhun hatsi a ɗora kan bulo.

Da hadari ya haɗo daga gabas, kira yara gida, kwance awaki daga gindin katanga, kashe mitar lantarki.

Idan ruwa ya tarar da kai a hanya, kada ka ratsa kwari, ko a babur kake. Jira ya janye. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.