Yadda nake zaɓar fitilu da kayan adon bishiyar Kirsimeti

Shekarar da na fara ƙawata bishiyar Kirsimeti da hannuna, ƙwallayen ado na soma ratayawa, domin su ne suka fi ɗaukar mini ido. Sai da na gama jera su tsaf na tuna da fitilu. Ina cikin cusa waya tsakanin rassa, ƙwallaye biyu na gilashi suka faɗo suka tarwatse, ɗaya daga ciki kuwa mahaifiyata ce ta ba ni. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata abu ɗaya nake fara gaya masa: fitilu ne farko, ko wajen saye, ko wajen ɗaurawa.

Kafin ka sayi komai, auna tsayin bishiyar. Lissafin da aka saba yi shi ne ƙwan fitila kusan 100 ga kowace ƙafa ɗaya, wato santimita 30. Bishiya mai ƙafa 6 za ta ci 600 ke nan. Tawa tsayinta ke nan, kuma na taɓa gwada ta da 300. Da rana ba laifi, amma da dare ya yi sai ga tsakiyarta baƙi ƙirin, hasken duk ya tsaya a bakin rassa. In bishiyar siririya ce, kana iya ragewa kaɗan.

Ni dai fitilun LED nake saya. Wutar da suke sha ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta tsofaffin ƙwayaye masu zare a ciki ba, ga shi ba sa zafi. Ko sun yini a kunne, kana iya kama ɗaya da yatsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai naɗa waya a jikin busasshen ganye ko roba. A da can a Jamus, inda al'adar ta samo asali tun ƙarni na 16, kyandir ake kunnawa a kan rassa, ana gadinsa saboda gobara. Sai a 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya naɗa ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a bishiyar gidansa a birnin New York. Duk lokacin da na jona tawa, nakan tuna irin sauƙin da muka samu.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne launin farin haske, domin farin iri biyu ne. Akwai mai ɗumi, mai ɗan ruwan ɗorawa kamar hasken kyandir. A jikin kwali za ka ga an rubuta 2700K ko kusa da haka. Akwai kuma mai sanyi, wanda ya karkata zuwa shuɗi, daga 5000K zuwa sama. Mai ɗumi ya fi dacewa da ja da ruwan zinariya da kayan katako. Mai sanyi yana tafiya da ruwan azurfa da shuɗi. Kada ka haɗa su a bishiya ɗaya, domin kowanne zai fito da aibin ɗan'uwansa: wannan ya zama kamar ya yi dauɗa, wancan kamar fitilar asibiti. Ni mai ɗumi nake so. Masu launi-launi kuma yara na son su, ban ga laifinsu ba, sai dai in ka zaɓe su ka sassauta launukan sauran kayan. Duba launin wayar ma, koriya ce ke ɓacewa cikin koren ganye. Sannan ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta, domin fitilar da aka yi wa wuta mai bolt 120 irin ta Amurka za ta ƙone in ka jona ta a wuta mai bolt 230.

Ranar ɗaurawa, in bishiyar roba ce, zauna ka buɗe rassanta ɗaya bayan ɗaya, kana lanƙwasa ƙananan, wannan sama, wancan gefe, har sai ka daina hango sandar tsakiya. Aikin yana cin kusan awa guda, amma babu adon da zai rufe bishiyar da ba a buɗe ba. In ɗanya ce, yanke kamar santimita 2 daga gindinta kafin ka tsayar da ita cikin ruwa, ka riƙa ƙara ruwan kullum, ka kuma nisanta ta da duk wani abu mai zafi da aƙalla mita guda.

Jona fitilun ka gwada su tun suna ƙasa. Wayar da ta ɓare ko ta tsage, jefar da ita, kada ka ce za ka naɗe da salatif. Bar su a kunne yayin da kake ɗaurawa. Fara daga gindi, kusa da soket, ka bi reshe da waya har cikin jikin bishiyar, ka dawo da ita baki, ka kama na gaba. Shiga da fitar nan ita ce sirrin aikin. In ka zagaya bishiyar ta waje kawai kamar mai ɗaure dami, hasken ba zai yi zurfi ba. Bayan kowane zagaye biyu, ja da baya ka kashe fitilar ɗaki, ka ɗan runtse ido. Duk inda ya yi duhu zai bayyana nan take.

Daga nan sai dogon ƙyallen ado ko jerin duwatsu, in kana so. Sa su da sassauci, kada ka ɗame. Ni ban cika damuwa da su ba.

Ƙwallaye kuma, launi biyu sun isa, na uku ya zama ɗan ƙari. Abin da ya fi yawan launi amfani shi ne bambancin girma da na ƙyalli: wasu masu sheƙi, wasu marasa sheƙi, wasu manya kamar dunƙulen hannu, wasu ƙanana. Manyan nake fara sawa, in tura su ciki kusa da fitilu don su riƙa mayar da haske. Matsakaita su biyo, ƙanana marasa nauyi su tafi bakin rassa da sama. In reshe ya sunkuya, ƙwallon ya fi ƙarfinsa, matsar da shi ciki. Na gilashi sun fi na roba kyau nesa ba kusa ba. A garin Lauscha na Jamus aka shahara da hura su tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yanzu ana yi. Nawa guda takwas ne kacal, dukansu sama nake kai su, in matse ƙugiyar kowanne a jikin reshe.

In akwai yaro mai rarrafe ko kyanwa a gidan, adon ƙasan bishiyar ya zama na katako da ƙyalle da roba, kuma babu abin da zai iya shiga baki. Siririn zaren nan mai ƙyalƙyali, wanda ake watsawa a kan rassa, na daina sayensa sam, domin in kyanwa ta haɗiye shi yana iya naɗe mata hanji. Kayan ado masu ƙaramin batir irin na agogo su ma kada su sauko inda hannun yaro zai kai.

Duk wannan tsarin launi da nake faɗa, akwai abin da ba ya shafa. Ina da wani tauraro na kwali da 'yata ta yanka tana shekara 5, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ta shafe shi da shuɗin fenti har ya zubo ta baya. Bai dace da ja da zinariyar bishiyata ba ko kaɗan, amma kowace shekara daidai tsayin ido nake rataye shi, inda mai shigowa zai fara gani. Irin waɗannan nake ajiyewa sai ƙarshe, in bar wa yara su zaɓa musu wuri.

Na ƙoli, tauraro ko mala'ika, ɗaga shi a hannu ka ji nauyinsa kafin ka saya. Reshen sama siriri ne, mai nauyi zai karkace. Ni nakan ninka reshen biyu, ko in ɗaura masa ɗan tsinke ta baya, sannan in bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da silin.

Kashe fitilun duk lokacin da za ka kwanta ko za ka fita, ko da LED ne. In biki ya wuce, naɗe kowace waya a jikin guntun kwali dabam, filoginta a waje, ka rubuta yawan ƙwayayenta a kai. Ƙwallayen gilashin kuma kowanne a naɗe shi da takarda, a sa su a saman akwati.