Yadda ake gyara ƙasar lambu da busasshiyar ciyawa ba tare da kaftu ba

Ƙasar da aka bari tsirara rana na dukanta, ita ce ke komawa fako. A ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta yi ɓawo. Irin wannan ƙasa lulluɓi take bukata, kuma ƙarshen damina ne lokacin tanadinsa.

Fara da tara kayan rufi. Yanki ciyawa da lauje tun kafin ta fitar da kai, ka shanya ta bushe, don in ta riga ta yi iri to da hannunka ka shuka wa kanka aiki. Karan gero ko na dawa da aka daddatsa, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, duk suna yi. Harawa kam a bar wa dabbobi, ta fi kuɗi a can.

Sai ka fitar da fangali wanda faɗinsa bai wuce mita 1 ba, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. Sare ciyawar da ke wurin daidai ƙasa, ka bar saiwarta ta ruɓe a ciki. Watsa ruɓaɓɓen takin dabbobi kaurin yatsa biyu, ka jiƙa wurin sosai. Kada ka rufe busasshiyar ƙasa.

Yanzu shimfiɗa busasshiyar ciyawar da ka tara, kaurin santimita 10 zuwa 15. A sama za ta zauna. Wanda ya tone ya binne ta zai ga ganyen shuka ya yi rawaya, saboda ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kara suna janye sinadarin naitirojin daga ƙasa.

Wajen dashen tumatir ko tattasai, buɗa ciyawar da hannu, ka dasa, ka bar tazarar yatsu huɗu kewaye da gindin don kada ya ruɓe. Ƙananan iri kamar alayyafo da karas, a bar layinsu a buɗe sai sun tsiro.

Gara za ta zo, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su kwashe komai. Ni ina ganin kuskure ne. Ramukan da take haƙawa tana jan ciyawa su ne ke fasa fako har ruwa ya samu hanyar shiga, shi ya sa manoma a Nijar da Burkina Faso ke jibga kara da rassa a kan matacciyar ƙasa da gangan. Yawanci busasshen abu take nema, don haka kada ka bari shukarka ta yi ƙishi har ta yi yaushi. Abin da za ta ja maka shi ne rufin zai riƙa ƙarewa da wuri. Da zarar ka hango ƙasa, ƙara wani.

Kafin ban ruwa, tura yatsa ƙarƙashin ciyawar. In da danshi, bari sai gobe. Taɓa wurin da sanda kafin ka sa hannu saboda kunama da maciji, kuma ka nisanta shi da wuta lokacin hunturu. In damina ta kankama a ƙasar fadama mai riƙe ruwa, rage kaurin zuwa rabi.