Yadda Ake Zaɓen Injin Sassabe da Wuƙarsa

Duk ɗan Zango da ya mallaki fuloti a bayan Kumasi, wajajen Kenyase ko Parkoso, ya san halin ruwan nan: daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan huta, ya dawo a Satumba. Ka share fili da adda, kafin ka waiwaya ya koma daji. Shi ya sa da yawanmu muka koma ga injin sassabe na ratayawa a kafaɗa.

Kafin ka nufi shagunan Adum, fara zuwa filin ka taka shi da ƙafarka. Me ya fito? Ciyawa mai laushi ce, tofa ce, ko kuwa tsiron nan da ake kira Acheampong, wanda in ya shekara karansa ke zama itace? Ka kwashe guntayen bulo, rodi da waya da suka ɓuya a ciki. Abin da ka gani shi zai zaɓa maka wuƙa, wuƙar kuma ta zaɓa maka inji.

Igiyar nailan, wadda ake ɗaura wa injin a madadin wuƙa, ta gefen katanga ce da ciyawar tsakar gida. Ka kai ta cikin Acheampong, tsinkewa za ta yi ta yi har ka gaji da ɗaurawa. Wuƙa mai baki uku, mai faɗin milimita 255, ita ce ta aikin yau da kullum: tana cin tofa da doguwar ciyawa da ɗanyen kara, in ta dakushe kuma ka wasa ta da zarto, kowane baki daidai da ɗan'uwansa. Mai haƙora 40 ko 80 ta busasshen kara ce da ƙananan itatuwa masu kaurin yatsa biyu, amma ba ta shiri da dutse, haƙori kan ɓalle ya yi tsalle. In wuƙa ɗaya kuɗinka zai saya, ɗauki mai baki uku.

Ka duba ramin tsakiyarta. Akwai mai milimita 25.4, akwai mai 20. Na taɓa ɗaura mai babban rami a kan inji mai ƙaramin mazauni, don mai shago ya ce min duk ɗaya ne. Ina ba shi wuta ya kama karkarwa, minti biyar ba a yi ba tafin hannuna ya mutu. Allah ne ya kiyaye wuƙar ba ta fice ba. Tun ranar, da tsohuwar wuƙa a jaka nake zuwa kasuwa.

Sai inji. Mai cc (ma'aunin girman inji) 25 zuwa 30 na lambu ne. Daji sai 40 zuwa sama. Stihl FS 250 da Husqvarna 143R-II duk a nan suke. Akwai na China masu cc 43 da 52, sun fi araha, kuma suna aiki in an kula da su. Sandar ta zama miƙaƙƙiya, maƙamar irin ta keke, ɗamarar mai hawa kafaɗa biyu. Rataya shi tun a shago: wuƙar ta tsaya dab da ƙasa ba tare da ka danna ba. Sannan ka leƙa Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, ka tambayi bakanike ko ana samun kafireto, fulogi da kan giyar wannan samfurin. In ya ce sai an yi oda, bar shi komai kyansa.

Haɗin mai ke kashe yawancinsu. Stihl da Husqvarna na shan 50:1, wato mililita 100 na man 2T (man da ake haɗawa da fetur) a lita 5 na fetur. Na China da yawa 25:1 suke so, don haka karanta takardar naka. Kada ka zuba baƙin man mota. Mai injin Honda GX35 kuwa ba ya bukatar haɗi, ma'ajin mansa daban.

Notin wuƙa hagu yake ɗaurewa, dama yake kwancewa, kada wajen kwancewa ka yi ta murɗawa hagu har ka cinye shi. Wajen yanka, ka yi shara daga dama zuwa hagu, kada goshin wuƙar ta ɓangaren dama ya fara taɓa itace, nan take tunkuɗo mutum. Sa tabarau, abin toshe kunne da takalmin ruwa saboda macizai, yara kuma su ja baya aƙalla mita 15. In ka tashi aiki, kashe injin, zare ciyawar da ta naɗe a kan giya, ka duba ko yana bukatar giris.